Kafin Ki Sayi Gilashin Kamara, Uwata

Kazaure,
Talata da hantsi.

Zuwa ga 'yata Hauwa'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, Uwata, ina fata kin isa Kano lafiya, kin tarar da Gwaggonki da mutanen gidanta ƙalau. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da masu zaƙin baki irin ubanki. Mu nan lafiya lau. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a aji shida muka yi sallama da boko, kuma babu wanda ya riƙe rigar wani.

Za ki ce me ya hana Baba ya kira waya. Na ɗauke ta sau uku ina ajiyewa. Da na ji muryarki barkwanci yake zuwa mini, in ba ki dariya, mu rabu ban faɗi abin da ya sa na kira ba. Takarda kuwa ba ta dariya. Zan ba direban motar safe, in roƙe shi ya damƙa miki ita hannu da hannu. Idan ta same ki ba ki shiga kasuwa ba, ki mayar da kuɗin nan jaka, ki zauna ki karanta har ƙarshe.

A tasha kin tambaye ni. Kin ce gilashi biyu aka nuna miki, tsoho mai araha wanda ake ɗaurawa da zobe, da mai tsada wanda yake gaya wa kamara sunansa, ita kuma ta gyara masa kurakuransa da kanta. Ni kuma ga direbobi suna ji, ga mai shayi ya saki baki, sai na gyara hula na ce ki sayi mai arahar, hoto a hannun mai ɗauka yake, ni tun da nake ban taɓa biyan kuɗi don gilashi ya yi hira da kamara ba. Aka yi dariya, kika ce to Baba. Wannan to Baban ita ce take damuna. Kuɗin akuyoyi biyu na Innarki ne a jakarki, da duk abin da kika tara a kan keken ɗinki, kuma kina shirin kashe su a kan maganar mutumin da bai gaya miki rabin labarin ba.

Kin tuna ranar da kika dawo daga islamiyya kika tarar da ni zaune a tsakar gida, babban yatsana cikin murfin kwano da kalanzir? Na ce miki kunama ce. Ba kunama ba ce.

Lokacin da aka daina ɗaukar hoto da fim, na tattara abin da nake da shi na sayi kamara mai kati, ta hannu. Kuɗina suka ƙare a jikinta, ba gilashi. Mai shagon ya ɗauko nata na asali ya juya gindinsa, ya nuna mini wasu 'yan ɗigo-ɗigon tagulla a jere. Ya ce da su gilashin yake faɗa wa kamara ko shi wane ne. Kowane gilashi yana da nasa ciwon, wani yana duhunta kusurwoyi, wani yana lanƙwasa abin da yake miƙe, wani yana sa shuɗi ko ja a gefen farar riga. Idan kamara ta san sunansa, ta san ciwonsa, sai ta gyara kafin ma ka duba. Na ce kamar katin asibiti kenan, kana miƙawa an san abin da yake damunka. Ya ce haka ne. Ya faɗi kuɗin, na ce Allah ya kawo kasuwa.

Ina fitowa na ga wani mai tebur yana sayar da zobe na ɗaura tsohon gilashi, da wani ɗan abu kamar farcen jariri mai irin ɗigon tagullar nan. Ya ce in liƙa shi a zoben, kamara za ta ɗauka gilashin kirki ne. Kuɗinsa bai kai na farantin shinkafa da nama ba. Ban tambaye shi sunan wane gilashi ne a ciki ba. Na dawo gida ina jin na fi duk 'yan kasuwar Kano wayo, na ɗauko tsohon gilashina na zamanin fim, na sayi sufa gulu, na matsa da yawa. Abin ya ƙi zobe ya kama yatsana. Innarki ta tsaya a kaina da muciya a hannu, ta ce tunda ya zauna a nan, in ɗaura kamarar a yatsan ko Allah ya sa ta gyara ni. Sai da fata ta bi shi sannan ya fita.

Daga baya na liƙa shi daidai, kuma ya yi aikinsa na ƙarya. Kamara tana nuna sunan wani dogon gilashi wanda ban taɓa gani ba, alhali nawa mai faɗi ne na ɗaukar taro. Wato na shiga asibiti da katin maƙwabcina. Ciwona yana nan, maganin da ake ba ni na wani ne. Uwata, duk wanda ya nuna miki irin wannan abin liƙawa, ki gaishe shi ki wuce. Gara tsohon gilashi tsirararsa, kin san ba a gyara miki komai ba, da wanda zai sa ki saki jiki.

Aikin farko da na yi da shi a Roni ne, wata firamare ta kira ni in ɗauki malamai a gaban sabon ajin da aka gina. Da aka wanke hoton, sai ga bangon ya yi ciki kamar ƙwarya, sandar tuta ta rusuna, kusurwoyi huɗu sun yi duhu kamar an yi girki a cikinsu. Hedimasta ya juya hoton ya sake juyawa, ya tambaye ni me ya sami ginin. Na ce ranka ya daɗe, aikin magini ne, ido ba ya gani amma kamara tana gani. Aka kira maginin, wani dattijo, ya zo da igiyarsa ya ja a gaban jama'a, bango a miƙe sambal. Na ce ai tun ranar ya zauna daidai, sabon gini haka yake yi. Kin sha jin ina ba da labarin nan a ƙofar gida ana ƙyaƙyatawa, ke ma kin yi dariya. Abin da ban taɓa ƙarawa ba shi ne, da aka tashi gina aji na biyu, wani aka kira. Dattijon bai san hawa ba bai san sauka ba, na ci dariya da abincinsa.

Saboda haka, ranar da hoto ya fito miki a karkace, ki fara zargin kayanki, sannan hannunki. Kuma ki faɗa tun ba a tambaye ki ba. Kunyar minti ɗaya ce. Ni na guje mata, kin ga inda na kai.

Maimakon in gyara, sai na nemi dabara. Na ce wa masu wankin hoto su riƙa sa mini fure a kusurwoyi huɗun nan. Duhun ya ɓuya a ƙarƙashin fure, mutanen gari suka ɗauka ado ne, har ana cewa a kira Sale mai fure. Akwai matar da ta dawo da hoto saboda furenta bai kai na ƙawarta girma ba. Na shekara uku ina cin abinci a haka, ina yi wa kaina kirari a kan babur.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. Ko Innarki sai jiya ta ji shi.

Kin san Kawu Buba na rugar bayan Gwiwa, wanda yake kawo mana man shanu a kwalba kina ƙarama. Kakana Babarbare ne daga Babura ya gangaro, shi kuma Bafulatani, to kin san abin da ke tsakani. Ba ya ganina bai ce ga bawansa ba, ni kuma in ce wa ya kwance mini bawa daga turke. A tsakiyar kasuwa muke yi, mutane su taru. Shekara shida da suka wuce aka haifa masa ɗa namiji, ya aiko in zo suna da kamara, ya ce idan na makara zai sayar da ni ya sayi gishirin shanu.

Na je. Aka taru a ƙarƙashin wata tsamiya, inuwa mai kauri, sai na buɗe gilashin gaba ɗaya don haske ya shiga, kuma a nan ne duhun kusurwa ya fi tsanani. Na sani. Na jera mutane, Buba a tsakiya da jaririn. Na ce a kira Baffa, mahaifinsa, ya zauna kusa da shi. Aka yi ta yi ya ƙi. Buba ɗan farinsa ne, ko sunansa ba ya kamawa, balle ya zauna kafaɗa da kafaɗa da shi a gaban jama'a yana riƙe da jika. Da ƙyar ƙannensa suka jawo shi, ya tsaya can ƙarshen layi, da sandarsa a kafaɗa, kamar wanda ya zo wucewa. Baffa dogo ne, kin dai san tsayinsu. Kansa ya tafi daidai kusurwar sama ta hagu. Na danna sau biyu, kafin in duba allon ya bi shanu. Aka kawo mini fura da nono, na ce ai ya yi.

Tsawon rayuwarsa wannan ne kaɗai hoton da aka taɓa ɗaukarsa.

Da na je karɓo wanki, na ga abin da ya faru. Kowa fes, fararen riguna suna ɗaukar ido, amma fuskar Baffa ta dushe, baƙi ƙirin daga goshi zuwa gemu, sai ka ƙura ido kake gane hanci. In sa fure, furen zai hau kansa. Na ce a bar shi haka, zan san abin da zan faɗa, ni da ba na rasa magana. Kafin in kai, aka aiko mini Baffa ya rasu, zazzaɓin kwana uku.

Wautata ta sa na tafi ta'aziyya da hoton a aljihu, wai in faranta musu. Bayan addu'a na miƙa wa Buba. Hoton ya zaga hannu hannu har cikin mata. Can na ji wata tsohuwa ta yi salati, tana cewa ku dubi fuskarsa, kowa da haske ban da shi. Kin san abin da mutanenmu suke ɗauka idan aka ce fuskar mamaci ta yi baƙi. Aka dawo da hoton, Buba ya daɗe yana kallo, sannan ya ja ni gefe, bayan garke, inda babu kowa. Ranar bai ce mini bawansa ba, sunana ya kira.

Ya ce, "Sale, tsakaninka da Allah, kamararka ce ta yi haka, ko haka ya fito?"

Na ce, "Buba, kamara abin da ta gani take ɗauka."

Ga shi na rubuta. Na daɗe ina kallon layin nan kafin in ci gaba. Kalma ɗaya ta ishe ni a ranar, in ce gilashina ne, duk hotunana haka suke, ɗaga furen ka gani. Amma akwai suna biyu da biki ɗaya da aka riga aka yi mini maganarsu a rugagen nan, kuma ni ne Sale mai fure wanda ba ya kuskure. Na zaɓi sunana, na bar masa na ubansa a cikin duhu.

Buba bai yi mini musu ba, ya ce to, Allah ya jiƙansa. Bai rataye hoton ba, yana ƙasan akwati. Daga baya na ji yana bin gonakin da ke kan burtali, gida gida, yana tambayar manoma ko shanun Baffa sun taɓa yi musu ɓarna ba a biya ba, yana neman masa gafara. Wasu suka ce ba su san komai ba sai alheri. Wani marar tsoron Allah ya ce an taɓa ci masa gero, Buba ya ba shi maraƙi. Duk shekara yana kai wa malamai sadaka a yi wa Baffa addu'a, ba irin wadda kowa yake yi wa iyayensa ba, irin ta mai tsoro. Wata rana a kasuwa ya tambaye ni a hankali, tunda ina yawo gari gari, ko na taɓa jin an ambaci Baffa da wani abu. Na ce ban taɓa ba. Ya yi godiya. Godiya, Uwata.

Za ki ce a mayar da hoton kwamfuta a haskaka. Na goge katin tun a makon, na ɗauki bikin wasu a kai. Takardar da ke akwatinsa kuma na san yadda take, babu abin da ya rage a wurin da za a haskaka.

To ga amsar tambayarki ta tasha, wannan karon ba direbobi. Ki sayi mai tsadar, wanda yake faɗin sunansa na gaskiya. Ba don tsoho ba ya hoto ba. Idan mutum ɗaya za ki ɗauka a tsakiya, a waje da rana, tsohon gilashi yana yi, wani lokacin ma duhun gefen yana ƙara wa fuska kyau. Amma ke ba wannan aikin za ki yi ba. Cikin ɗakunan mata za ki shiga, inda ni ban taɓa samun shiga ba, kamu da walima da suna, ɗaki ƙarami, haske kaɗan, mata ashirin kowa tana so ta fito. Kullum gilashinki a buɗe zai kasance, kullum hoton cike har baki. Kuma kafin ki sa takalmi za a ce ki tura musu a waya. Masu cewa a gyara daga baya a kwamfuta ba ƙarya suke ba, ana yi, idan akwai wuta, akwai lokaci, kuma babu uwar amarya a tsaye a kanki. Idan kuɗin ba su kai ba, ki rage a jaka da igiyar ratayawa da sauran kwalliya, ko ki ƙara wata biyu kina aiki da kamarar uwar ɗakinki da za ta koya miki sana'ar. Kada ki rage a nan.

Kuma kada ki biya sai kin gwada a gaban mai shagon. Ki ɗaura, ki duba sunan da kamara ta nuna, ki karanta wanda yake rubuce a jikin gilashin, su zama ɗaya. Ki buɗe shi gaba ɗaya ki ɗauki farin bango, ki duba kusurwoyi huɗu. Ki ɗauki ƙofar shagon, ki ga ko ta miƙe. Ki kashe gyaran ki ɗauka, ki kunna ki sake, idan ba ki ga bambanci ba to ki san ko dai ba ya aiki ko kuma ba ki buƙatarsa. Idan mai shagon ya fara tsaki yana cewa kina ɓata masa lokaci, ki ce ubanki ne ya sa ki, kuma ubanki sananne ne wajen ɓata abubuwa.

Sai dai kar ki ɗauka kin sayi hankali da kuɗinki. Wani abokin sana'ata na Babura ya taɓa ara mini irin wannan gilashin na yini ɗaya, na ga abu biyu. Idan kamara ta miƙar da hoto, tana ɗan yanke gefe, wanda kika tsayar daf da baki sai ya rasa kunne ko kafaɗa. Kuma fuskar da ke can ƙarshe tana faɗi kamar faifai idan kin matsa kusa, wannan babu tagullar da take gyara shi, ƙafarki ce, ki ja baya taku biyu. Ki bar fili a gefe kullum.

Kuma ki lura da su wa suke tsayawa a gefen. Masu kuɗi da masu baki ba sai kin nema musu wuri ba, tsakiya suke faɗawa. Wadda za ki samu a ƙarshen layi ita ce uwar amarya da kunya ta hana ta matsowa, ko kaka da aka jawo daga madafa da hayaƙi a ido, ko gwaggon da ta zo daga ƙauye ba ta da sabon zani. Yawancinsu ba za su sake tsayawa gaban kamara ba. Kafin ki danna ki dubi gefe tukuna, bayan kin danna ki sake duban gefe, kuma kada ki karɓi abin sha sai kin duba.

Sauran nasihar ba sai na tsawaita ba, Innarki ta yi miki wadda ta fi tawa. Ki riƙe salla, ki bi Gwaggonki, ki girmama matar da za ta koya miki aiki ko da kin ga kin fi ta ido. Ki gaishe su duka. Allah ya kiyaye ki daga sharrin hanya da na mutane, ya sa albarka a hannunki, ya dawo mana da ke lafiya.

Ni kuma ki sa ni a addu'a ranar kasuwar Gwiwa mai zuwa. Sau biyu ina hawa babur da niyyar gaya wa Buba, sau biyu ina samunsa a wurin masu awaki, in yi masa barkwanci, in dawo gida da igiya da daddawar da ba a aike ni ba. Wannan karon Innarki ta ce bayan babur ɗin za ta hau, kuma ba za ta sauka ba sai a ƙofar rugar. Ban san me zai yi mini ba, duk abin da ya yi daidai ne. Amma akwai abin da na riƙe masa shekara shida wanda babu mai shi sai ni, domin kowa ni yake kallo a lokacin, ni kaɗai nake kallonsu. Da na sa ido a kamara ranar nan, fuskar Baffa tas take, hasken da ya ratso ganyen tsamiya yana kan goshinsa. Ya ɗauka babu mai ganinsa a can ƙarshe, sai ya saci kallon Buba da jaririn ta wutsiyar ido, yana murmushi, yana danne shi da leɓe. Wannan zan je in faɗa wa ɗansa.

Wassalam.

Naki,
Babanki Sale.